Me Ke Kai Mutum Ga Kashe Kansa? Tarihin Amsoshin Da Masana Suka Bayar

Maganar da zan ɗauko yau mai nauyi ce, irin wadda a gidajenmu sai an sassauta murya ake ambatonta. Idan kai da kanka, ko ke da kanki, tunanin rabuwa da duniya na zo muku, ina roƙon a karanta har ƙarshe, domin akwai sashen da na rubuta musamman dominku.

A shekarar 2020, lokacin da iyakar Jibiya ke rufe, wata baiwar Allah daga mazaɓar Kusa ta zo tagar ɗakin magani karɓar maganin hawan jinin maigidanta. Na gama yi mata bayanin yadda zai sha, amma ta ƙi matsawa daga tagar. Can sai ta ce, "Likita, ko akwai abin da ake ba wanda ba ya barci, kuma ba ya cin abinci?" Maigidan direba ne, tsakanin Jibiya da Maraɗi yake neman abincinsa, kuma wata da watanni ke nan motarsa na ajiye. Da na ƙara tambaya, sai ta ce kwana biyu ya kama wata magana: "Da ba na nan, da kun huta." Ta ce duk sanda ya faɗa, takan ce masa ya yi istigfari ya bar wannan zance.

A jami'a an koya mini yadda ƙwayar magani ke bin jini. Ba a koya mini yadda zan saurari irin wannan jimla ba. Abin da na iya a ranar shi ne na ce ta koma ta zo da shi gaban likita kafin rana ta faɗi, kada a bari sai gobe. Daga nan na shiga karanta abin da masana suka ce game da dalilin da ke kai mutum ga kashe kansa. Kusan shekara 200 ke nan ana ba da amsa, ana gyara ta. Tarihin waɗannan amsoshi nake so in ba ka, domin kowace daga cikinsu ta bar wa iyali wani abin da za su iya riƙewa.

Lokacin da amsar ita ce hukunci

A ƙasashen Turai an daɗe ana kallon al'amarin a matsayin laifi tsagwaronsa. A Ingila, wanda ya kashe kansa akan ƙwace dukiyarsa a ba masarauta, a hana shi kabari cikin jama'a. Sai a 1961 aka cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a can. Mu kuwa dokar da Turawan mulkin mallaka suka bar mana ta ci gaba da aiki: sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tara, ga wanda ya yi yunƙuri ya tsira. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, gwamnatin Nijeriya ma ta bayyana aniyar yin haka. Illar dokar a fili take. Iyalin da ke tsoron 'yan sanda kan ɓoye marar lafiya a ɗaki a daidai lokacin da ya fi bukatar asibiti.

Hukuncin addini ba ya bukatar dogon bayani a wurinmu. Musulunci ya haramta kashe kai, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, kuma ayar ta rufe da ambaton jinƙan Allah ga bayinSa. Kiristanci ma ya hana. Sai dai malaman Musulunci na farko ba su tsaya ga faɗin hukunci ba, sun nemi sanin ciwon. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sanadi na fili ba. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana bukatar magani. Wannan rarrabewa ta riga likitancin ƙwaƙwalwa na Turai da kusan shekara 900.

A Turai, likitan Faransa Esquirol ne ya fito fili a littafinsa na 1838 ya ce wanda ya kashe kansa marar lafiya ne, hankalinsa ya sami matsala. Wannan ya janye al'amarin daga hannun alƙali zuwa hannun likita, kuma ci gaba ne babba. Amma ya bar tambaya a buɗe. Mafi yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa ba sa kashe kansu, sannan akwai waɗanda ke yi ba a taɓa sanin su da wani ciwo ba.

Durkheim: ku dubi gari, ku bar mutum ɗaya

A 1897 wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Emile Durkheim, ya bi ta wata hanya dabam. Ya tattara alƙaluman mace-mace na ƙasashen Turai, ya ga kowace al'umma tana da nata adadin da ba ya cika canzawa daga shekara zuwa shekara. Marasa aure sun fi ma'aurata, marasa 'ya'ya sun fi masu 'ya'ya, kuma al'ummomin da addini ya fi ɗaure mutanensu wuri guda sun fi ƙarancin abin.

Ya ce abu biyu ke riƙe ɗan Adam: yadda yake haɗe da jama'arsa, da yadda ƙa'idojin rayuwa ke tsare shi. Kowanne in ya yi kaɗan ko ya yi yawa, akwai haɗari. Wanda igiyar zumuncinsa ta tsinke yana cikin haɗari. Haka wanda rayuwa ta juye masa farat ɗaya, abin da ya saba dogaro da shi ya daina aiki. Durkheim ya lura cewa adadin kan hau a lokacin karayar tattalin arziki, har ma a lokacin arzikin da ya zo kwatsam. Akwai kuma wanda aka matse har ba ya ganin mafita, kamar bawa. Wannan kashi na ƙarshe a ɗan taƙaitaccen bayani kawai ya ambace shi, amma duk wanda ya san halin yarinyar da aka tilasta wa auren da ba ta so ya san nauyinsa.

Yanzu ka dubi abin da ƙasar Jibiya ta gani cikin 'yan shekaru. A Yulin 2018 ambaliya ta ci rayuka sama da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai a Afrilun 2022. A 2021 an katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Ƙauyuka sun watse, wasu mutane sun shigo gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Direba, ɗan dako, mai canjin kuɗi, mai sayar da abinci a tasha, manomin da ba ya iya zuwa gonarsa, duk igiya ɗaya ta tsinke musu. Mafi yawansu sun jure, da imani da taimakon 'yan'uwa. Darasin Durkheim shi ne, a irin wannan lokaci ya kamata gari ya ƙara sa ido a kan mutanensa, musamman wanda aka daina gani a masallaci da majalisa.

Freud: fushin da ya juya ciki

Durkheim ya bayyana adadi, bai bayyana dalilin da ya sa cikin maƙwabta biyu da masifa ɗaya ta sama, ɗaya ke jurewa ɗaya ya karye ba. Sigmund Freud na birnin Biyana ya gwada amsa wannan a wata maƙala ta 1917, inda ya kwatanta juyayin rashi da ciwon baƙin ciki. Mai juyayi duniya ce ta yi masa fayau. Mai ciwon baƙin ciki kuwa kansa yake gani fanko, yana zagin kansa, yana ɗora wa kansa kowane laifi. A ra'in Freud, fushin da mutum ke yi da wani wanda yake so ne ya juyo kansa. A 1938 likitan Amurka Karl Menninger ya faɗaɗa wannan ra'i.

Yau masana ba su dogara da wannan bayani sosai ba, don yana da wuyar gwadawa. Amma ya bar abu mai amfani: a saurari yadda mutum ke magana a kan kansa. Wanda ya koma kiran kansa banza, marar amfani, abin kunya ga dangi, ba tawali'u yake yi ba, alama yake nunawa.

"Baƙar fata ba ya kashe kansa"

Wannan magana da kake ji a majalisa tana da tarihi. Likitocin mulkin mallaka sun yaɗa cewa ɗan Afirka ba ya kamuwa da ciwon damuwa mai zurfi. J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta irin wannan a wani littafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1953. Likitocinmu ne suka fara rushe zancen. Thomas Adeoye Lambo, wanda ya kafa tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya nuna cewa ciwon yana nan, salon faɗinsa ne ya bambanta. Har gobe haka yake a tagar magani: mutum ba zai ce yana baƙin ciki ba, sai ya ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, jikinsa ya mutu, barci ya ƙaurace masa.

A 1962 Tolani Asuni ya buga bincike a kan kashe kai a Yammacin Nijeriya, ya sami adadi kaɗan a takardun hukuma. Sai dai takardar hukuma abin da aka kai mata kaɗai take rubutawa, kuma iyali kan rufa wa kansu asiri. A 2007 Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon tambayar manya 6,752 a Nijeriya: kashi 3.2 cikin 100 sun taɓa yin tunanin kashe kansu, kashi 0.7 sun taɓa yunƙuri. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma a alƙaluman 2019 yankin Afirka ne ya fi kowane yanki, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Abin yana cikinmu. Shiru ne ya lulluɓe shi.

Raɗaɗin zuci da yanke ƙauna

A 1949 wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Edwin Shneidman, ya shiga ma'ajiyar ofishin binciken musabbabin mutuwa na birnin Los Angeles, ya tarar da ɗaruruwan wasiƙun da mamata suka bari. Karanta su ya zama aikin rayuwarsa. A 1958 shi da Norman Farberow da Robert Litman suka buɗe cibiyar hana kashe kai a birnin.

Bayan shekaru da dama Shneidman ya taƙaita abin da ya gano. Tushen al'amarin raɗaɗi ne na zuci wanda ya kai inda mai shi ke jin ba zai iya ɗauka ba: kunya, wulaƙanci, kaɗaici, jin laifi, tsoro. Abin da mutum ke nema shi ne raɗaɗin ya tsaya. Ya kuma lura da abu uku da kowane iyali ya kamata ya sani. Na farko, tunani kan ƙuntata, mutum ya daina ganin hanyoyi goma da ke gabansa, ya ga biyu kacal. Bahaushe ya riga ya sa wa wannan suna, ƙunci. Na biyu, zuciyar a rabe take, wani sashe na son tafiya, wani na son a cece shi. Na uku, mafi yawansu kan ba da alama kafin su aikata. Shawararsa ga mai taimako ita ce ya yi tambaya biyu: ina ke maka ciwo, kuma me zan iya yi maka? In aka rage raɗaɗin ko kaɗan ne, mutum kan zaɓi rayuwa.

Likita Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya ƙara wani tubali. A 1974 ya fitar da ma'aunin yanke ƙauna. A wani bincike da ya buga a 1985, an bi marasa lafiya 207 da aka kwantar saboda tunanin kashe kai, na tsawon shekara 5 zuwa 10. Mutum 14 suka mutu ta wannan hanya, kuma abin da ya fi bambanta su da sauran shi ne zurfin yanke ƙaunarsu, fiye da tsananin ciwon damuwar kansa. Ɗan Adam na iya ɗaukar wahala mai yawa muddin yana ganin za ta ƙare. A 1997 Mark Williams na Birtaniya ya kwatanta halin da na wanda aka kayar, aka kuma rufe masa ƙofa, ba ya ganin mai zuwa ceto. Daga aikin Beck aka sami hanyar jinya ta tattaunawa, wadda ke koya wa marar lafiya ya tuhumi tunanin da ke ce masa gobe ba za ta yi kyau ba.

Joiner: "Na zama nauyi"

Thomas Joiner yana ɗalibin digiri na uku a fannin halayyar ɗan Adam lokacin da mahaifinsa ya kashe kansa. A 2005 ya fitar da littafin da ya sauya fagen. Ya ce sha'awar mutuwa na tsirowa ne idan abu biyu suka haɗu a zuciya: jin cewa ba ka da kowa, da jin cewa ka zama nauyi a kan waɗanda kake so, har kana ganin rashinka ya fi musu alheri. Joiner ya jaddada cewa wannan lissafi kuskure ne, ciwo ne ke yin sa. Iyalan da aka bari ba sa hutawa, shi kansa shaida ne.

Ka tuna maganar direban nan, "Da ba na nan, da kun huta." Ita ce wannan. A wurinmu mutuncin magidanci a ɗaure yake da cefane. Ranar da ya kasa, ko ba wanda ya yi masa gori, shi yana yi wa kansa. Haka tsohon da jinya ta cinye kuɗin 'ya'yansa, da bazawarar da ta dawo gidan uba da 'ya'ya, da matashin da ya gama karatu shekara biyar yana karɓar kuɗin sabulu a hannun uwa. An kuma horar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Karin magana ce mai kyau wajen riƙe sirri, amma in sirrin ciwo ne, riƙe shi na iya kisa.

Sashe na uku na ra'in Joiner shi ne ya fi sabo. Allah Ya halicci ɗan Adam da tsoron mutuwa mai ƙarfi, shi ya sa mafi yawan masu tunanin ba sa aikatawa. Wanda ke ƙetare wannan shinge shi ne wanda tsoron ya dushe masa saboda sabo da azaba: wanda ya taɓa yunƙuri, wanda aka azabtar, wanda ya sha ganin jini da gawa. A yankin da aka yi shekaru ana kai hari ana garkuwa da mutane, wannan gargaɗi ne. Wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga yana bukatar kulawa bayan an gama zuwa barka. Kayan maye ma, irin su tramadol da kodin da giya, suna kwance birkin da ke tsare mutum.

Masanan da suka biyo baya, Rory O'Connor a 2011, da David Klonsky da Alexis May a 2015, sun gina a kan wannan. Duk sun yarda cewa abin da ke haifar da tunanin dabam, abin da ke kai shi ga aiki dabam. Tsakanin biyun akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan ake ceton rai.

Abin da tarihi ya koya wa mai ba da magani

Nan ne aikina ya shigo. Lokacin tsananin haɗari sau da yawa gajere ne. A wani bincike da aka buga a 2009 a Ostiriya, kusan rabin waɗanda suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Saboda haka abin da ke kusa da hannu a wannan ɗan lokaci yana iya raba rai da mutuwa.

Tarihi ya gwada wannan sau da yawa. A Ingila da Wales, da aka sauya iskar gas ta girki mai guba da wadda ba ta da guba, masu kashe kansu a shekara suka ragu daga sama da 5,700 a 1963 zuwa ƙasa da 3,700 a 1975. A Sri Lanka, hana shigo da magungunan feshi mafi haɗari ya rage adadin da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta an ceci rai 93,000, kuma amfanin gona bai ragu ba. Irin wannan dalili ne ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a 2019.

Za ka iya cewa ai wanda ya yi niyya zai nemi wata hanya. Richard Seiden ya bincika wannan a 1978. Ya bi sawun mutum 515 da aka tare a wata gada a San Francisco suna gab da aikatawa. Bayan kimanin shekara 26, kashi 94 cikin 100 suna raye ko sun rasu ta hanyar da kowa ke rasuwa. Wasu nazarce-nazarcen ma sun nuna cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Guguwa ce, tana wucewa, in an sami wanda ya riƙe mutum har ta wuce.

Abin da ke hannun iyali

Akwai gaskiya guda da masana suka amsa da bakinsu. A 2017 Joseph Franklin da abokan aikinsa suka tattara bincike 365 na shekara 50, suka ga cewa iya hasashen wanda zai aikata bai fi canki-canka ba sai da kaɗan. Tunda ba a iya ganewa daga nesa, sai a matso kusa a tambaya.

Ka tambaya kai tsaye, a keɓe, cikin taushin murya: "Yaya, na ga kwana biyu ba ka da walwala. Shin tunanin kashe kanka na zo maka?" Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma takan sauƙaƙa wa mai shi. In ya ce e, kada ka yi salati ka tashi, kada ka fara da wa'azin wuta. Ya san hukuncin, sanin ma na cikin abin da ke ƙara masa jin laifi. Ka saurara tukuna. Nasiha da addu'a suna da gurbinsu, kuma sun fi shiga bayan mutum ya ji an fahimce shi.

Alamun da za a kula da su sun haɗa da maganar zama nauyi ko rashin mafita, janyewa daga mutane, rashin barci, rabar da kayan da yake ji da su, neman gafara da sallama ba dalili, ƙaruwar shaye-shaye, da natsuwar da ta zo kwatsam bayan dogon ƙunci. A kula da mai jego da ta daina walwala, da mai doguwar jinya.

Kada a bar shi shi kaɗai. A fitar da maganin feshi da na ɓera da makami daga gidan, a kai ajiya wurin wani amintacce. Magunguna kuwa mutum ɗaya ya riƙe su a kulle, yana ba shi na kowace rana, kuma ku gaya wa mai ba da magani ya ba ku na mako ɗaya maimakon na wata. A kai shi asibiti a ranar. Babban asibitin Jibiya na iya dubawa ya tura gaba, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna. In ya riga ya sha wani abu, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

In likita ya rubuta maganin ciwon damuwa, ku sani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa. A makonnin farko a ƙara sa ido, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba. Kada a daina sha don an ji sauƙi sai da izinin likita. Makonnin da ke biyo bayan sallama daga asibiti ma lokaci ne na haɗari, a yawaita ziyara. Zumunta a ƙafa take. Kuma a nema masa abin yi a gida ko a unguwa, komai ƙanƙantarsa, a nemi shawararsa, a nuna masa ana bukatarsa. Wannan shi ne maganin jin zama nauyi.

Direban nan ya ga likita a ranar, ya sha magani wata da watanni, ƙaninsa ya riƙe shi a shagonsa har hanya ta buɗe. Matarsa ce ta cece shi, da ta ƙi matsawa daga taga.

Gare ka, da gare ku

Kai da wannan tunani ke zo maka: abin da kake ji ciwo ne da aka sani, aka yi nazarinsa, kuma ana warkewa. Zuwan tunanin bai mai da kai kafiri ko mahaukaci ba. Muryar da ke ce maka iyalinka za su huta da rashinka ƙarya take yi, ciwon ne ke magana. Kada ka yanke hukunci a daren nan. Ka tashi ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka miƙa masa duk abin da kake tsoron kanka da shi, ku tafi asibiti tare. Komai nisan dare, gari zai waye.

Ku kuma da kuka riga kuka rasa wani ta wannan hanya, kuna ta tambayar kanku me ya sa ba ku gane ba: manyan masana da duk ma'aunansu ba su iya ganewa daga nesa. Kada ku ɗora wa kanku abin da ya fi ƙarfin sanin ɗan Adam. Maƙwabta kuma a je musu gaisuwa kamar yadda ake zuwa wa kowa, a bar tone-tone, domin su ma suna bukatar a riƙe su.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.